Dardumar Mama a Diani

Diani, Kenya
4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayana Eldred,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwoyin nan naka da duk mutanen Gullage Cove. Verna, na san sai kin karance saƙon tas a kwamfuta kafin ki buga masa a takarda ki kai, to ke ma ina gaishe ki. Ya jikin maigidanki Hedley? Da Yaya zai yarda ya sa abin ji a kunne da mun hutar da ke, mun koma waya kamar sauran mutane.

Mun sauka lafiya. Zafi dai ba a magana. Maigidana Cyril ya yi jawur tun rana ta biyu, yanzu fatar hancinsa ke saɓulewa. Yara ne suka haɗa mana tafiyar, wai murnar ajiye aiki, ni kuwa da sun tambaye ni da na ce su bar ni in fara ɗaure kaya. Wata huɗu ya rage, Yaya. Shekara talatin da ɗaya ina girki a sansanin ma'aikatan mai a Alberta. Ran ɗaya ga Yuni in Allah ya kai mu ina cikin jirgin fito ina tahowa gida, kuma in na shiga gidan nan ba ni da niyyar sake fita sai ranar da za ku kai ni bayan coci kusa da Mama.

Ka san halin mutanenmu. Mu kwana biyu a jirgin sama, muna sauka mu shiga cigiyar abincin da muka baro. Kwana uku Cyril ya yi yana cin kifi da shinkafar kwakwa, ya ce cikinsa ya gaji da baƙunta. Aka nuna masa wani gidan abinci, Jan Ganye, na wani Darryl mutumin Manitoba. Tutar ƙasarmu a ƙofa, tuta a rufi, wasan hoki a talabijin, ga takalman tafiya kan ƙanƙara a rataye a bango, a garin da ko ruwan firji ba ya minti biyar da sanyinsa. Duk teburan 'yan ƙasarmu ne, kowa na ba kowa haƙuri a kan kujera.

Aka kawo soyayyen dankali da cuku da romo. Cyril ya ce, "Dulcie, ɗanɗana ki ji, kamar a gida."

Na ce, "Gidan wa? Mu a gidanmu in aka zuba wa kare wannan sai ya yi shawara."

Ina cikin dariya na ɗaga kai. A saman ƙofar bayi an kafe wata dardumar tsumma da ƙusoshi. Gida mai koren rufi, kwalekwale a gefe, da jar ƙofa. Yaya, irin ta Mama ce sak, wadda ta saƙa a lokacin sanyin da Baba ya karye a ƙafa. Jan ƙofar nan daga rigar sanyina ta makaranta ta yanko shi, har na yini ina kuka. Ban iya ƙarasa abincin ba. Na ce wa Cyril ya duba, ya duba, ya ce shi duk dardumomi iri ɗaya ne a idonsa, ya koma kallon hoki.

Na san shirme ne. Amma don Allah ka leƙa kicin, ka gaya mini tana nan gaban murhu inda take, in samu in ji daɗin sauran hutun nan. Fentin ƙofar da na aiko ya iso?

Ƙanwarka,
Dulcie

Gullage Cove
6 ga Fabrairu

Ƙanwata Dulcie,

Na samu takardarki. Lafiya lau nake, gwiwoyi suna nan yadda kika san su. Hedley da sauƙi. Verna ta ce in gaya miki ba ta karanta wasiƙar mutane, idonta ne kawai ke faɗawa a kai.

Ke dai ba ki canja ba. An kai ki ƙarshen duniya ki huta, kin je kina binciken bangon mutane. A zamanin su Mama wace mace ce a gaɓar nan ba ta saƙa gida da kwalekwale ba? Kowace yarinya kuma jar riga gare ta.

Nan iskar arewa ce tun Litinin, ƙanƙara ta taru a bakin tashar jirgi. Sanyi sosai. Fenti ya iso tun bara, na shafa, ruwan ɗorawa kamar yadda kika ce, ko da yake ni ban ga abin da farin ya yi miki ba.

Ki ci abinci, ki shiga ruwa, ki bar wa Cyril hokinsa. Maganar Yuni kuma kada ki yi gaggawar sallamar gidanku na can, ki bari ki dawo mu yi magana a tsanake.

Ki gaida Cyril.

Yayanki,
Eldred

Diani
8 ga Fabrairu

Yaya Eldred,

Ina gaishe ka. Tambaya ɗaya na yi maka, ka ba ni labarin iska da fenti, ba ka ce mini tana gaban murhu ba.

Yau da rana na koma Jan Ganye ni kaɗai, lokacin ba kowa. Wata mai kawo abinci, Kadzo, mace mai hankali, ta ga na tsaya a ƙofar bayi ba na shiga, ba na tafiya. Ta ce, "Mama, lafiya? Ko a kulle yake?" Na ce so nake in ga bayan dardumar can. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta jawo kujera ta riƙe mini na hau. Na ɗaga gefen hagu. Ƙunar garwashin nan tana nan, wadda ka yi da kake ɗan shekara goma sha biyar ka ce kyanwa ce. A ƙasanta da baƙin zare, harufan sunan Mama da shekara, M.P. 1968.

Ina kan kujera Darryl ya fito yana goge hannu. Mutum ne mai fara'a, ba ni da abin da zan ce a kansa.

Ya ce, "Ta yi kyau ko? Kowa sai ya tanka. Bara da na je gida na samo ta wajen wani dillalin tsofaffin kaya a Halifax. Ya ce daga wani ƙauyen masunta ne da aka tashe su, mutanen sai rabuwa da kaya suke yi. Wancan ma daga can ne."

Ya nuna mini allon da yake rubuta abincin ranar. Allon cocinmu ne, Yaya, na lambobin waƙoƙi, mai ɗan tsagewa a sama. Shekara nawa kana jera lambobi a jikinsa ranar Lahadi? Yau miyar wake aka rubuta.

Sai ya ce, "Ke daga wane gari?"

Na buɗe baki na ji kaina na ce, "Alberta." Sannan na ce ya yi haƙuri na taɓa masa kaya. Ya ce ba komai. Har kek ya ba ni kyauta, na zauna na cinye, na ce ya yi daɗi.

Tun da na dawo ɗaki tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba tun rasuwar Mama. Me ake nufi da an tashe su? Na san an yi shekara goma ana maganar ƙuri'ar barin gari, amma sau biyu tana faɗuwa, kuma kai da bakinka ka ce mini muddin kana numfashi ba za ta wuce ba. Ka gaya mini ƙarya dillalin ya yi don kayansa su yi daraja. Ko ka ce ɓarayi ne suka shiga. Duk wanda ka faɗa zan karɓa.

Ƙanwarka,
Dulcie

Grand Falls
10 ga Fabrairu

Ƙawata Dulcie,

Verna ce. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki tun kafin ki karanta. Kwana biyu takardarki na hannun Eldred, ya karanta ya ninke, ya sake buɗewa. Na ce masa in bai rubuta ba ni zan rubuta, ya ce in yi abin da na ga dama.

Ki dubi sunan garin da ke saman takardar nan. A nan muke, ni da Hedley da Eldred da wasu mutum tara. Sauran sun warwatsu wajen 'ya'yansu. Ba kowa a Gullage Cove.

A watan Mayun bara aka sake ƙuri'ar. Mu talatin da ɗaya muka rage, ana neman ashirin da takwas su yarda kafin gwamnati ta kwashe mu. Ku da kuke zaune a waje ba ku da ƙuri'a, shi ya sa ba takardar da ta zo miki. Wannan karon ta wuce, ashirin da takwas cif. Ran ƙarshe na Disamba aka kashe injin wuta, jirgin fito ya yi zuwansa na ƙarshe. Eldred ne ya shiga a ƙarshe. Sai da ya zuƙe ruwan famfunan gidanku, ya buga katako a tagogi. Ƙofar kuwa da gaske ya shafa mata fentin, ana saura mako guda mu tashi, muna ta kallonsa.

Kada ki ɗora masa shi kaɗai. Ƙodar Hedley ta ƙi, sau uku a mako ake masa wanki a asibiti, jirgi kuwa sau biyu yake zuwa, shi ma in teku ta yarda. Ni na je har kicin ɗinku na roƙi yayanki. Na san abin da nake nema ya ba ni, na kuma san na wa ne.

Labarin iska da ƙanƙarar da ya ba ki, ni ya sa na duba masa a kwamfuta. Tagar ɗakinsa wurin ajiye motoci take kallo.

Saura abu biyu masu wuya. Bishop, babban limamin cocinmu, ya zo ya yi addu'ar rufe coci, ba za a ƙara binne kowa a can ba tunda ba jirgin da zai kai. Sannan Cyril ya sani tun Yuni, yaranku ma haka. Sun ce a bari ki gama aiki lafiya, a kai ki hutu, in kin dawo a zaunar da ke. Kowa na jiran wani ya fara, har aka kawo yau.

In ba ki ƙara yi mini magana ba, ban ga laifinki ba.

Taki,
Verna

Grand Falls
11 ga Fabrairu

Dulcie,

Ina gaishe ki. Verna ta nuna mini abin da ta rubuta. Duk gaskiya ne, sai dai ta rage abu ɗaya. Ba roƙonta kaɗai ba ne. Na gaji, ƙanwata. Lokacin sanyin da ya wuce na faɗi a bayan gida da itace a hannu, na fi awa biyu a ƙasa, ina kallon gidaje bakwai da ba hayaƙi a ko ɗaya. Da na shiga jefa ƙuri'a na tuna alkawarin da na yi miki, na tsaya, sannan na sa alamar yarda. Ni ne na ashirin da takwas.

Dardumar na naɗe ta da niyyar aiko miki. Har na rubuta sunanki a jikin kwali. Sai na ga kina buɗewa za ki gane, don kin san ba za ta bar gaban murhu ba in akwai murhun. Ajiye ta a nan kuma ba zan iya ba, in riƙa taka ta kullum a ɗakin haya. Ranar da dillalin ya zo da kwalekwalensa na miƙa masa, ban ko tsaya ciniki ba. Na ɗauka ta tafi inda ba wanda ya san mu.

Kin yi shekara talatin da ɗaya kina shirin dawowa, ni na yi su ina riƙe miki wurin, saura wata biyar na saki. Ban san abin da ake cewa a nan ba.

Yayanki,
Eldred

Diani
14 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ka, da Verna, da Hedley. Allah ya ba shi lafiya, da zuciya ɗaya na faɗa.

Na tambayi Cyril. Ya ce in yi haƙuri, na ce ba komai, muka sauka muka ci abincin rana. Ya ce zai je ya sayo dardumar ko nawa Darryl ya ce, na hana shi. Ba ni da inda zan shimfiɗa ta.

Jibi za mu taso. Cyril ya ce mu koma gida, na ce to, ban tambaye shi wanne ba.

Fushi nake yi da kai, kuma ban san ranar da zai wuce ba. Duk da haka ina so in zo in gan ka. Ka aiko mini da adireshi, da lambar ɗaki, da yadda ake zuwa daga tasha. Ban san inda kake ba.

Ƙanwarka,
Dulcie