Hannun da Baba Siman Ya Ɗaga

Angwan Iya, Keffi,
4 ga Maris, 2024.

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Maman Angela,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, kuma kwas ɗin ungozoma da sanyin Jos ba su gajiyar da ke ba. Mu nan lafiya lau, Angela kullum sai ta tambaye ki.

Mahaifinki, Baba Siman, ya iso daga Panda ranar Talata. Likita ya ce ranar ashirin ga wata za a cire masa yanar idon.

Kin san makalar digirina ta kusa watsa mini kai: girma da tsarin rundunonin Tarayyar Sobiyet da na Finlan a yaƙin hunturun 1939. Shekaranjiya ina karanta alƙaluman da ƙarfi a tsakar gida. Dibishan ɗin Sobiyet, wato babbar rundunarsu guda, mutum wajen dubu goma sha bakwai, da tankoki da igwa jingim. Na Finlan wajen dubu goma sha huɗu, ba tanka. Na ce ni dai ban gane yadda ƙaramin ya riƙa ragargaza babban ba.

Baba yana ɓarar gyaɗa, sai ya tambaye ni hanya nawa ce a dajin. Na ce ɗaya. Ya jera gyaɗa a faifai, ya ce, "Mutum dubu goma sha bakwai a hanya ɗaya, daji hagu, daji dama, mutum nawa ke faɗa? Na gaba kaɗai. Sauran jiran abinci suke yi. Yanka layin gida biyar, ka gama da su." Ya ƙara da cewa lokacin da yake soja a yaƙin Laberiya, shi bai taɓa ganin dibishan da idonsa ba, mutum goman da yake cin abinci da su ya sani.

Martina, dariya na yi masa. Da ya shiga ɗaki kuwa na rubuta duk abin da ya faɗa. Ban gaya masa ba, abin yana ɗan damuna.

Ki gaishe da abokan karatunki.

Naki har abada,
Malachi.

Angwan Iya, Keffi,
16 ga Maris, 2024.

Maman Angela,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na ga kiranki har sau shida, ki gafarce ni, ban iya ɗauka ba.

Na gabatar da makalar a sashenmu ranar Alhamis, an tafa mini. Dokta Abubakar, mai duba aikina, ya ce bambancin da na kawo tsakanin yawan soja a takarda da yawan masu faɗa a fili shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Baba ya zo zauren taron. Da kansa ya goge kaftaninsa na zuwa coci, ya maƙala lambobinsa na soja, ya zauna a baya.

Washegari bayan karin kumallo ya ɗauki jakarsa ya koma Panda. Ya ce gona na kiransa. Na tuna masa da ranar likita, ya ce idon ya ga abin da zai gani.

Ba gona ba ce, Martina. Ni ne. Ina so in gaya miki, alƙalamin ya ƙi tafiya. Ki ba ni 'yan kwanaki.

Mijinki,
Malachi.

Angwan Iya, Keffi,
25 ga Maris, 2024.

Zuwa ga Martina, uwar gidana,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah ya same ki lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

A zauren nan, da Dokta Abubakar ya tambaye ni inda na samo wancan tunani, na ce daga zurfin nazarina ne. Baba yana ji. Can sai ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya fara magana da Turancinsa na bariki gauraye da Hausa. Ɗalibai suka kwashe da dariya. Ni da ya ba wa 'yarsa, ni na tare shi. Na ce, "Baba, yi haƙuri, wannan maganar masana ce." Ya zauna. Wata malama ta raɗa mini ko wane ne, na ce wani tsoho ne a unguwarmu.

Ranar Asabar na je Panda. Na same shi gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya da lalube. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi, har rubutun da na yi a ɓoye. Ya ce tunanin ba nasa ba ne balle a sace, kowane saje ya san shi. Sai ya tambaye ni ko na san abin da ya sa ya ɗaga hannu. Na ce don ya ce maganarsa ce.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, cewa ka yi bataliyar Finlan mutum dubu uku ce. Bataliya uku rajimanti ɗaya, rajimanti uku dibishan ɗaya. Dubu ashirin da bakwai ke nan, kai kuma ka ce dubu goma sha huɗu. Bataliya ba ta wuce ɗari takwas da 'yan kai. Ban ga allon ba, kunnena ne ya ji. So na yi ka gyara kafin manya su kama ka."

Na buɗe jakata na duba a gabansa. Gaskiyarsa. Adadin rajimanti na ɗora wa bataliya, a shafi huɗu daban-daban, kuma a haka zan miƙa wa mai jarrabawa na waje. Zaure cike da masu digiri, ba wanda ya lura sai mutumin da na zaunar. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Yau da safe na gaya wa Dokta Abubakar komai. Ya ce in gyara, in sa sunan Saje Siman mai ritaya inda ya dace, in kuma tsaya gaban ɗaliban nan in gaya musu ko shi wane ne a wurina. Ranar Alhamis zan yi.

Ranar likita ta wuce ta dalilina. Na samo wata, tara ga Afrilu. Baba ya yarda zai zo, amma ya ce ba zai sake kwana a gidanmu ba sai ke kin ce ya kwana. Bai gaya miki komai ba, ya ce wanda ya yi harbi shi ke kai rahoto.

To ga rahoton, Martina. Ban ce ki yafe mini yau ba. Ki dai kira Baba, ki gaya masa abin da kika yanke. Ni zan share ɗakin in jira.

Angela tana gaishe ki.

Mijinki mai laifi,
Malachi.