Allon Kantin Don Quirico

Batey La Ceiba, 14 ga Yuni, 1998

Ƙanena Amauri,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma sanyin ƙasar Turawa bai cinye maka kunnuwan nan naka masu kama da faifai ba. Mu nan lafiya lau. An gama saran rake, injin sukari ya yi shiru, gari ya koma hannun ƙudaje da 'yan domino.

Bayan gaisuwa, maganar Baba ce. Ka san allon kantin Don Quirico, wanda kowace Lahadi yake kwafo lambobin 'ya'yan garin nan masu buga besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, a ƙasashen waje daga jaridar birni. Ku huɗu ne a kai yanzu. Ɗan gidan Polanco yana da 310, har da jan alli aka rubuta tasa. Kai kuma kana can ƙasa da 228, dab da farashin sabulu.

Baba ya daina zuwa kantin. Ka san tun rasuwar Mama ba shi da wata hira sai ta teburin dominon nan. Tavito mai babur ne ya kore shi. A gaban kowa ya ce, "Don Eulogio, wai ɗan nan naka sanda ya tafi da ita ko lema? Jarida ta ce ba wanda ya kai shi karɓar tikitin kyauta." Aka kwashe da dariya. Baba ya kife dominonsa ya dawo gida.

Yanzu wuni yake a ƙarƙashin mangwaro shi kaɗai. Jiya ya ce mini, "Mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, alƙali ya ce ka taka zuwa zangon farko, ai wannan sadaka ce. Ban ƙarar da kafaɗata ina jefa masa marfin kwalba yana bugawa da sandar tsintsiya don ya je ya karɓi sadaka ba."

To ka ji. Me ke damunka ne? Hannu ne ko ido?

Yayarka,
Nereida

*

Dakota ta Arewa, 29 ga Yuni

Yaya Nereida,

Ina gaishe ki, ki roƙa mini albarkar Baba. Na karanta wasiƙarki a motar ƙungiya, na sake karantawa har muka isa garin da za mu yi wasa.

Hannuna lafiya, idona ma lafiya. Idon ne ma ya kawo ni nan. Don Allah ki zaunar da Baba ki faɗa masa wannan a hankali. Lambar da ke allo bugu kawai take ƙirgawa. Ran da na tsaya na ƙi jifa mara kyau har aka ba ni zango, allo bai san na fito fili ba. Amma ai ina kan zangon, kuma in na bayana ya buga, ni nake gudu in shigo gida da maki. Cikin fitowa goma, sau huɗu nake isa zango. Ba kowa a ƙungiyarmu da ya kai haka, har mai 300 ɗinmu.

Saboda wannan kocinmu, wani tsoho mai suna Halvorsen, yake sa ni in fara fitowa a kowane wasa. Da hannu da ɗan guntun yarenmu ya ce mini, "Kai, ƙafa ko sanda, ba ruwana. Ka hau zango. Ran da ka fara bin jifan banza, akwai yara ɗari masu jiran rigarka." Gurbin baƙi a ƙungiyar kaɗan ne, Yaya, ba wasa yake yi ba.

Ina zaune a ɗakin ƙasa na gidan wata tsohuwa. Mutuniyar kirki ce, tana dafa mini dankali, ta yi murmushi, ni ma in yi. Iyakar hirarmu ke nan. Ɗan Venezuela da muke magana da shi an sallame shi tun makon jiya. Wani lokaci sai in wuni ban buɗe baki ba sai don cin abinci. Ina kewar ayabar da kike kirɓawa da albasa, har ma da masifarki.

Ƙanenki,
Amauri

*

Batey La Ceiba, 12 ga Yuli

Amauri,

Ina gaishe ka. Na karanta wa Baba, har sau biyu. Ka san abin da ya yi? Ya sa farar rigarsa ya tafi kantin da wasiƙar a aljihu, wai zai yi musu bayani. Na bi shi a baya kamar mai zuwa sayen gishiri.

Ya ce, "Cikin goma, sau huɗu yarona yake isa zango." Tavito ya ce, "To Don Eulogio, ni ma kullum ina isa San Pedro, amma babur ke kai ni." Wani tsoho ya ƙara da cewa, "Ba a fita daga tsibirin nan da ƙafa, da sanda ake fita." Don Quirico ne kawai bai yi dariya ba. Ya ce shi abin da jarida ta sa a gaba yake rubutawa, allonsa layi ɗaya gare shi.

Baba ya dawo gida. Abincin rana ma kare ya ci. Ya rame, Amauri, wandonsa sai da na ƙara masa igiya.

Na gane bayaninka, ba jaka ba ce ni. Amma ni ce nake kallonsa kullum, ba tsohon kocinka ba. Ka ɗan riƙa kaɗa sandar nan mana, ko lambar ta ɗaga ya samu bakin zama cikin mutane. Sanda ce fa, ba ƙwai ba, ba za ta fashe ba.

Yayarka da ta gaji,
Nereida

*

Dakota ta Arewa, 30 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa, da roƙon albarkar Baba. Na ji. Yanzu duk abin da ya zo kusa da ni dukansa nake yi. Wasu suna faɗawa inda ba kowa, lambar ta kai 255. Sai dai masu jifa sun gane, sun daina jefo mini mai kyau, tunda ko a ƙasa ta zo zan bi ta. Tikitin kyauta kuwa na manta kamanninsa. Cikin goma yanzu da ƙyar nake isa sau uku.

Halvorsen ya kira ni ofis ya tambaye ni ko wani ne ba lafiya a gida. Ban san yadda zan yi masa bayanin allon da yarensu ba. Na ce lafiya lau.

Ki faɗa mini in Baba ya koma kantin.

Amauri

*

Batey La Ceiba, 16 ga Agusta

Ɗan ƙanena na kaina,

Gaisuwa da guɗa! 271! Ɗan Polanco ya faɗo 268, ka hau kansa. Don Quirico ya ba ka jan alli. Baba ya koma teburinsa, yana buga domino kamar zai fasa katako. Ya ce wa Tavito, "Yaya dai, lemar tana zuba?" Jiya faranti biyu na shinkafa da wake ya ci, har yana waƙa a wurin wanka.

Ka ga? Da ma abin ba wuya. Allah ya ƙara maka ƙarfin hannu.

Nereida

*

Dakota ta Arewa, 25 ga Agusta

Yaya Nereida,

Ina gaishe ki. Wannan ke kaɗai za ki karanta.

Ranar Asabar muka yi wasan da in mun ci za mu shiga zagayen ƙarshe. Fitowar ƙarshe ta faɗo kaina, ana binmu maki ɗaya, zango uku duk da mutanenmu a kai. Mai jifansu ya gaji, ya yi uku a karkace. Ɗaya ya rage a ba ni zango, na kan zango na uku ya shigo gida a ƙafa, mu yi kunnen doki. Halvorsen ya shafa hularsa, alamar kada in taɓa. Na gani sarai. Jifan ya zo sama da kafaɗata, wanda ko a mafarki ba na bi. Yaya, allon nan na gani a gabana. Na kaɗa. Ƙwallon ta tashi sama kamar an jefa lemo, mai jifan ya tara hannu ya cafe. Wasa ya ƙare, an cinye mu.

Washegari na tarar an cire sunana daga ƙofar akwatin kayana, an sallame ni ke nan. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya riƙe hannuna ya nuna idona da yatsa, ya girgiza kai. Da ma zagina ya yi.

Tsohuwar gidan ta ce in zauna zuwa ƙarshen wata. Na samu aikin wanke kwanuka a wani gidan abinci a bakin hanya, ni da injin wanki da taga ɗaya. Ban ga laifinki ba, ni na riƙe sandar. Amma ban san da wace fuska zan sauka a La Ceiba ba. Kada ki faɗa wa Baba.

Ƙanenki,
Amauri

*

Batey La Ceiba, 20 ga Satumba

Zuwa ga ɗana Amauri Encarnación,

Nereida ce take rubutawa, ni nake faɗa. Allah ya yi maka albarka. Ina duba allo kowace Lahadi. Lambarka tana nan 271, ba ta sauka ko ɗaya ba, alhali na sauran sai hawa da gangara suke yi. Na ce musu haka namiji yake, in ya tsaya ya tsaya. Na ajiye maka kujera kusa da tawa a teburin. Ka ci gaba da duka.

Mahaifinka,
Eulogio

Amauri, ni ce. Sunanka ya ɓace daga jarida tun ƙarshen Agusta. Don Quirico ya gane, bai tambaye ni komai ba. Kowace Lahadi da safe yakan goge lambar ya sake rubuta ta da sabon alli kafin Baba ya iso. Jan allin ya kusa ƙarewa. Yaushe za ka dawo?