Wanda Bai Dawo Daga Haƙar Kuza Ba

Laraba da dare, Dutse

Raina a ɓace yake, kuma littafin nan ne ya ja. Kwana da kwanaki ina manne da shi, har lacca na rasa saboda shi. Labarin wani saurayi ne da aka ɗauke daga ƙauyensu zamanin Turawa, lokacin ɗiban gwamna, aka kai shi aikin tilas na haƙar kuza a Jos. Kowane shafi gabana faɗuwa yake. A ƙarshe ya tsere, ya dawo gida, aka sha bikinsa. Ni kuwa har da tafi, kamar sakarya.

Yau Baba Tsoho, kakana, ya zo daga Taura ganin likita. Ina dama masa fura ina ba shi labarin, ina ta yabon marubucin. Sai ya ce, "Amarya, ai ƙanen mahaifina ma an ɗauke shi. Shi bai dawo ba. Uwarsa har ta rasu kullum sai ta rage masa tuwo a akushi."

Na ajiye ludayin.

Ina son labarin da ke hana ni barci, shi ya sa nake karanta irinsu. Amma in za ka taɓa tarihi, kada ka yi wa matattu ƙarya don kawai mu rufe littafi muna murmushi. Kukan mutane ne fa, ba kayan miya ba!

Na tambayi sunan ƙanen mahaifin nasa. Sai da Baba Tsoho ya daɗe yana tunani kafin ya tuna: Ilu.

Na ɗauki biro na rubuta shi a shafin ƙarshe, daidai kan bikin.