Hoton Goggo Ya Ƙi Tafiya Katsina

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya Anti Binta da yara? Mu nan alhamdu lillahi, sai gajiya.

Ciwon cikin Goggo ya tashi. Ranar Litinin na ɗauki hoton cikinta da sabuwar na'urar asibitinmu na nan Jibiya. An ce in na haɗa ta da intanet ɗin asibiti, hoton zai je wa likita a Katsina, mu hutar da tsohuwa wahalar mota. Kwana uku ina fama, hoto ya ƙi tafiya. Goggo kuwa tana kan benci tana tambayata, "Ɗan nan, ya isa?"

Ashe akwatin intanet ɗin da muka ajiye a tagar arewa sabis ɗin Nijar yake kamawa! Wani direba ɗan Maraɗi da ya zo karɓar magani ya ce, "Ku maida shi kudu mana, haka wayoyinmu ke yi." Muna mayarwa hoto ya tafi.

Likita ya duba, ya ce a kawo ta gobe. Motar da muka guje mata, ita za mu hau.

A taya mu da addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanenka,
Habu