Madubin Hagu

Sanyuanli, Guangzhou
Lahadi, 26 ga Oktoba, 2008

Ya Saffana, farin watan zuciyata, ruwan randa a tsakar rani, ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko, ke da na ambaci sunanki a gaban mahaifiyata ban sunkuyar da kai ba! Sallama gare ki, irin wadda majinyaci ke yi wa mai magani, ko da mai maganin ne ya ji masa ciwon.

Na dawo ranar Laraba. Wata huɗu na yi a Kano ina jiran biza, tun da aka ƙi sabunta mana takardu saboda wasannin Olamfik, kuma duk saƙon da kika turo min maganarsa ɗaya ce: karatu ya yi yawa, ko fita daga harabar jami'a ba ki yi ba. Na gaskata ki, har da tausayi! Jiya, tun kafin in duba dilolin kayana a kasuwar Canaan, na hau bas zuwa Nansha, gidan tsoho Liang mai gonar ayaba, inda babur ɗinmu yake ajiye tun da aka hana babura shiga cikin gari. Kowa ya sayar da nasa a lokacin, ni na ƙi. 'Yan uwa sun sha yi min tsiya a titin Huanshi Lu, wai ina kiwon dokin da ba ya zuwa gida. Saboda ke na ƙi.

Kin tuna kakar bara? Kin tuna 'yar siririyar hanyar nan da ta ratsa gonakin rake, shinkafa ta nuna ta yi jawur, manoma sun shanya ta a kan kwalta har sai mun bi gefe? Tafkunan kifi hagu da dama, agwagi suna tare mana hanya kamar sun biya kuɗinta, sannan iska ta sauya, ƙanshin gishiri ya bugo mu tun ba mu hango teku ba. Kina zaune a baya, hannunki a ƙarfe, jakarki a tsakaninmu. Kika ce ita ce waliyyinki har ranar da za a ɗaura aure. Na girmama jakar nan fiye da yadda nake girmama wasu dattawa! Da yake ba damar waiwaye, sai na lanƙwasa madubin hagu ya daina kallon hanya, ya koma kallon fuskarki. Kin yi min faɗa, wai zan kashe mu, amma ina ganin kina gyara mayafi a cikinsa kina murmushi.

Kafin in tafi na miƙe madubin da hannuna, tunda babu mai zama a baya. Makullin kuwa na ba Harouna, dogon nan ɗan Maraɗi da muke cin abinci kwano ɗaya, don ya riƙa tayar da injin kada batir ya mutu. Ni na kwatanta masa hanyar teku. Ni, da bakina, na ba shi labarin madubin ina dariya. Ashe kura na ba ajiyar nama.

Jiya na yaye buhun da aka rufe babur da shi, na hau, na duba hagu. Madubin a lanƙwashe yake, ya juyo ciki, amma ba fuskar kowa zai nuna min ba, sai sararin sama. Na ɗaga jikina kaɗan, na ƙara, har na kai tsayin Harouna. Nan ne kujerar baya ta bayyana, daidai inda fuskarki ke zama. Wayyo Saffana! Na tsaya ina yi wa kaina ƙarya, ina cewa ai mata sun cika Guangzhou. Sai ga matar Liang ta fito da mayafinki ruwan goro, wanda na saya miki a kasuwar Shisanhang, ta wanke ta ninke, tana ta fara'a. Da yatsu ta ƙirga min kwana bakwai da zuwanki, ta nuna min inda kika manta shi. Ita a ganinta alheri ta yi min. Na ce mata xiexie, wato na gode, na karɓa da hannu biyu.

Me na yi miki, ya hasken idona? Nisa ne laifina? Ni na ƙirƙiro Olamfik? Ba zan ɗora wa Harouna shi kaɗai ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abu ɗaya ne ke ci min rai, ya hana ni cin abinci tun jiya: jakar fa? Tana tsakaninku, ko ita ma an bar ta a gida?

Kin san Kawu Alhasan ya shirya zuwa wurin mahaifinki bayan babbar salla. An yi cinikin goro, an faɗa wa dangi, mahaifiyata har ta fara kiran ki 'yata. Na ɗauki waya sau uku in dakatar da shi, sau uku na ajiye. Ba zan bari dattijo ya cire takalmi a zauren mutane a kan abin da babu ba, kuma ba zan rushe shirin ban ji daga bakinki ba.

Don Allah ki zo gidan Liang ranar Asabar da hantsi. An fara yankan shinkafa, hanyar ta fi bara kyau. Na bi ta jiya ni kaɗai har bakin teku, kuma ban taɓa madubin ba, yana nan yadda ya bar shi. In kin zo, ke za ki sauko da shi daidai tsayina, ni kuwa ba zan ƙara tayar da maganar ba har abada. In ba ki zo ba, zan kira Kawu, in miƙe madubin ya kalli hanya kamar na kowa. Amma Allah shaida ne, ko ya kalli hanyar, ke zan riƙa nema a ciki.

Naki, wanda bai taɓa ɗaukar wata a bayansa ba, kuma ba zai ɗauka ba,

Sabiru