Ɓauna ta ci barsim da raɓa

Baban Shahata,

Kana fita kasuwa ɓaunarmu ta tsinke igiya, ta faɗa gonar ciyawar barsim da yunwarta, ga raɓa ba ta bushe ba. Cikinta ya kumbura tim, ta kwanta a bakin rafi. Maƙwabcinmu Baffa Girgis ya ɗura mata mai, a banza. Ya ce min, "'Yata, nemo mahauci tun tana numfashi."

Na tafi kiransa. In ka riga mu zuwa kada ka jira, wuƙa tana kan murhu. Kada ta yi mushe.

Sau nawa na ce ka canza igiyar nan?

Barsim kuwa bana ya yi kyau, har gwiwa. Sai dai babu mai ci.

Nabawiyya