Dariyar da Na Yi Cikin Takaba

Madina, Rajab 1405

Yaya Shittu,

Assalamu alaikum. Ya Inna da yara? Ni lafiya lau, takabata saura kwana ashirin, kada ku damu.

Sai dai akwai abin da nake jin nauyin faɗa. Ran Asabar maƙwabtanmu suka sa bidiyon wani Baturen Ingila mai barkwanci, ƙofarsu a buɗe. Ga shi gaban jama'a, buta a ka, yana rarrashin takalminsa. Ba na jin Turanci, amma dariya ta ƙwace mini har da hawaye. Ƙaltume, ƙanwar marigayi, ta ɗauka kukan rashinsa nake, ta rungume ni. Na bar ta a haka.

Kai malami ne, Yaya, in faɗa mata? Duk wanda ya shigo sai ta yabe ni.

Ƙanwarka,
Shafa'atu